Laccar da aka gabatar a kan kalmar "budget": daga burgamin fata zuwa kasafin kuɗi

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanku da zuwa.

Kalmar da za mu bi sawunta yau ita ce "budget", wadda 'yan jaridarmu kan rubuta bajet, mu kuma mu ce kasafin kuɗi. Asalinta babu ruwanta da lissafi. Jaka ce. Mutanen Gol, waɗanda suka zauna a ƙasar Faransa ta yau kafin zuwan Rumawa, suna da suna ga jakar fata, Rumawa suka ɗauka a Latin suka ce "bulga". Tsohon Faransanci ya mai da ita "bouge", ƙaramarta kuwa "bougette", ɗan burgamin da matafiyi ke ratayawa ya zuba 'yan kuɗinsa da takardu.

Tun da Wiliyam na Nomandi, wani yanki a arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu, kalmomi suka yi ta kwarara. Wannan dai ta shiga Ingilishi a ƙarni na 15, tana nan a jakarta. Sannu a hankali aka daina nufin fatar, aka koma nufin abin da ke ciki.

To, ku saurari inda labarin ya yi daɗi. A 1733 Robert Walpole, wanda ake lissafawa firaministan Birtaniya na farko, ya kawo shirin sabon haraji a kan taba da giya. 'Yan adawa suka buga ƙasida suna masa ba'a, suka siffanta shi da ɗan magori da ya kwance jakarsa a kasuwa yana tallar maganin da babu cutar da ba ya warkarwa. Wai ya "buɗe budget". Hayaniya ta yi yawa har ya janye shirin. Amma zagin ya zauna, kuma cikin shekara talatin ya zama sunan da ake kiran bayanin kuɗin shekara a majalisa, ba wanda ke jin dariya a cikinsa. Ni a ganina wannan ya fi komai ban sha'awa: gwamnati ta ɗauki gorin da aka yi mata ta sa a takardar hukuma.

Faransawa kuma suka karɓi 'yarsu da ta dawo daga ƙetare cikin tufafin Ingilishi. A 1806, zamanin Nafoliyon, ta fito a dokar kuɗin ƙasa da rubutun Ingilishi, har yau haka suke rubuta ta, sai dai lafazin nasu ne.

Daga baya Turawa suka ƙara mata wata ma'ana, wato mai araha, kamar otal ko jirgin masu ƙaramin ƙarfi.

Jakar ma ba ta ɓace ba. Ministan kuɗin Birtaniya yakan ɗaga jan akwati a ƙofar gida mai lamba 11 a Downing Street kafin ya tafi majalisa. Akwatin da aka yi wa ministan kuɗi William Gladstone wajen 1860 ya yi aiki har 2010, George Osborne, ministan kuɗi na lokacin, shi ne ya ɗaga shi na ƙarshe, sannan aka ajiye shi don tsufa ya ci shi.