Wai Maganin Ne Ke Juya Kansar Jini Ta CLL Ta Koma Limfoma?

[Hoto: kwalbar magani a kan tebur, hannu na zazzago ƙwaya ɗaya]

To jama'a, wannan tambayar ta zo min ya fi a ƙirga, kuma kusan duk bakinsu ɗaya. Wai mutum yana fama da kansar jini mai tafiyar hawainiya, wadda likitoci ke ce wa CLL, an ɗora shi a kan sabbin ƙwayoyin nan irin su ibrutinib ko venetoclax, har ya fara murmurewa, kwatsam sai ga kaluluwa ta taso masa a wuya ko a hammata tana girma kamar ana hura ta, aka gwada aka ce ai cutar ta rikiɗe ta koma limfoma mai zafi, wato kansar kaluluwa mai saurin yaɗuwa. Shikenan sai a shafa wa maganin kashin kaji, har wasu na cewa gara a ajiye shi. Ku ɗan dakata tukuna.

[Zane: ƙwayoyin jini a ƙarƙashin madubin likita]

A gurguje: CLL fararen ƙwayoyin jini ne nau'in B suke taruwa a jini da ɓargo da saifa, a hankali, wani ma sai ya yi shekaru ba a fara masa magani ba. Rikiɗar kuma sunanta Richter, sunan wani likita ne a Amurka, Maurice Richter, da ya fara bayyana ta a 1928. Ku riƙe shekarar nan. Ibrutinib fa sai a 2014 aka amince da shi don CLL, venetoclax a 2016. Kenan cutar ta girmi maganin da shekara 86, ina aka taɓa haifar ɗa kafin ubansa? Tana samun kamar mutum 2 zuwa 10 cikin 100 na masu CLL, kuma galibi tana komawa nau'in limfomar da ake kira DLBCL ne, jefi-jefi nau'in Hodgkin.

To me ya sa ake ganin ta a kan masu shan maganin? Nan ne gizo ke saƙar, kuma nan zan daɗe.

[Hoto: gona bayan feshi, ciyawa ta bushe, tsiro ɗaya kore shar a tsakiya]

Da magungunan nan suka fito, su wa aka fara ba? Waɗanda komai ya ƙi ne, an yi musu kemo sau uku sau huɗu cutar na dawowa, dama can su ne a sahun gaba wajen haɗarin Richter ko an ba su ko ba a ba su ba. Da aka koma bai wa mutane tun farkon jinya, sai aka ga adadin masu rikiɗar ya yi ƙasa sosai.

Sai batun lokaci, ni wannan ya fi kama min hankali wallahi. In Richter za ta zo wa mai shan ibrutinib, yawanci da wuri take zuwa, cikin shekara ɗaya zuwa biyu na farko. Ita kuwa bijirewar da CLL ɗin kanta ke yi wa maganin, ta hanyar canji a wurin da yake kamawa a jikin BTK, furotin ɗin da maganin ke toshewa, sai daga baya take bayyana. Da a ce maganin ne ke ƙera ta, ai da daɗewar sha za ta riƙa ƙaruwa, ko ba haka ba?

Ku kalli tsiron nan a allo. Irinsa na cikin ƙasa tun kafin a yi feshi. A 2022 masu bincike a Barcelona ta ƙasar Sifen suka koma kan tsofaffin samfuran jinin marasa lafiya da aka adana, suka tarar da 'yan ƙwayoyin Richter ɗin a laɓe tun lokacin da aka fara gano CLL, a wani ma shekara 19 kafin ta fito fili. Shekara 19 fa! Yaron da aka haifa ranar ya isa shiga jami'a.

Amma kar in wanke maganin tas, gaskiya. Yana share masu rauni, su kuma masu taurin kan da ba sa jin sa sai fili ya zama nasu. Bai shuka su ba, ya dai kasa kashe su ne. A ganina wannan bambancin shi ne gaba ɗayan bidiyon nan, in kun tafi da shi ba ku yi asarar data ba.

[Zane: kuromosom na 17, an gutsure masa guntun hannu]

Su wa ke ɗauke da irin? Babban abin da likita ke dubawa shi ne TP53, wanda tamkar birki ne a cikin ƙwayar halitta, in ta lalace shi ke ce mata ki tsaya ko ki mutu. Yana zaune a kuromosom na 17 (kuromosom su ne ƙunshin bayanan gado a cikin ƙwayar halitta), in wurin ya gutsure ko shi kansa ya samu tawaya, mota ce ba birki a gangara. Sai tawaya a wani mai suna NOTCH1, sai in kuromosom ɗin sun hargitse da matsala uku ko fiye a lokaci guda. Akwai kuma IGHV, wanda shi abin dariya ne, wanda nasa bai canza ba shi ne a cikin haɗari, ni ma sai da na karanta sau biyu. Ga kaluluwar da ta wuce santimita 3, ga yawan jinyar da aka sha a baya. Sunayen na allo, ku tsayar da bidiyon ku ɗauki hoto, ba sai na karya harshe ba.

Kuma samun ɗaya daga cikinsu ba hukunci ba ne, da yawa na ɗauke da su har abada ba su ga Richter ba.

[Hoto: majinyaci ana shigar da shi na'urar sikanin]

Alamomi kuwa ba ɓoyayyu ba ne: kaluluwa guda ta yi tsalle ta bar sauran cikin 'yan makonni, zazzaɓi ba dalili, gumin dare har a jiƙa zanin gado, rama, a gwajin jini kuma wani sinadari mai suna LDH ya haura. Za a yi sikanin PET, amma shi nuni kawai yake yi da inda ya fi zafi, bai isa ya yanke hukunci ba. Dole a yanko kaluluwar a duba, kuma yanka mai kyau ya fi ɗan zuƙo da siririyar allura. Daga nan a gano ko daga tsatson CLL ɗin ta fito, wanda haka ne a kusan 80 cikin 100 kuma ita ce mai wuyar sha'ani, ko kuwa baƙuwa ce da ta faɗo daban, wadda ta fi jin magani.

Yawwa, ga masu cewa a ajiye ƙwaya. An sha ganin wanda aka tsayar wa ibrutinib na 'yan kwanaki saboda tiyata, kaluluwa ta kumbura, zazzaɓi ya rufe shi, aka yanko aka duba ta yi kama da Richter sak, hankalin kowa ya tashi, ana mayar da shi kan maganin komai ya sace. Shi ya sa in za a ɗebi naman gwaji, a faɗa wa likita ranar da aka sha ƙwaya ta ƙarshe, har da kwana nawa aka tsallake.

[Hoto: kalanda, an zagaye kwana bakwai da jan biro]