Kafin a Zuba Siminti, a Fara Zuba Ido

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina, ɗalibai, barkanmu da warhaka. Na baya kuna jina? Madalla. Abubuwa huɗu na zo da su, a kan lura da yadda mutane ke amfani da wuri kafin a gina musu shi.

Na farko, labarin wani Ba'amurke mai nazarin birane, William Whyte. A 1961 birnin New York ya yi doka: wanda ya bar fili a gaban beninsa don jama'a, za a bar shi ya ƙara hawa. Aka yi ta barin filaye, amma da yawansu fayau, ba kowa. Wajen 1970 sai Whyte ya ɗauki mataimakansa, suka kafa kyamarori a saman gine-gine, suna ƙirga wa ya zauna, a ina, na minti nawa. Me suka gano? Mutane suna zama ne inda akwai wurin zama. [Dariya] Eh, ku yi dariya, amma masu digiri ne suka zana filayen nan suka manta da shi! A gaban benin Seagram mutane kan cika da rana tsaka, saboda akwai dakali da matakala da mutum zai ɗosana. A 1975 aka gyara dokar: kowace ƙafa 30 murabba'i ta fili, dole a samar da ƙafa 1 ta wurin zama.

Bari in tsaya a kan kujera, don ita ce ta fi burge ni. Whyte ya lura cewa in ka ba mutum kujerar da ba a kafe ta ba, sai ya ɗan ja ta kafin ya zauna, ko da taku ɗaya ne. Wani ma ya ja ta ya mayar inda take. Me ya sa? Yana son ya zaɓa da kansa: wa zai fuskanta, wa zai ba baya, rana ko inuwa. Ya zaɓa da kansa, ku riƙe wannan. Shi ya sa da aka sake buɗe lambun Bryant na New York a 1992, kujeru marasa nauyi aka zuba masa. Mu nan ai mun sani. Ku dubi majalisar unguwarku: da hantsi benci yana nan, bayan azahar ya koma can, yana bin inuwar darbejiya. Sai a zo gyaran shataletale a dasa bencin siminti a tsakiyar rana, a watan Afrilu, a Kano! Wa zai zauna? Magina na da da suke yin dakali a ƙofar gida sun san inda inuwa take faɗuwa da la'asar. Kuma, na kusa tsallakewa, Whyte ya ce a ƙirga yawan mata: filin da mata suka yawaita, shi ne mai aminci, don sun fi maza tantance wuri.

Na uku... ko na biyu ne? Jan Gehl, mai zanen gine-gine daga Denmark. A 1962 aka hana mota bin babban titin kasuwa na Copenhagen, shi kuma ya shafe shekaru yana ƙirga masu tafiya da masu zama. Irin ƙirgarsa aka yi kafin a rufe wani sashe na dandalin Times Square na New York ga motoci a 2009. Lokaci ya ja, mu wuce. Na'am, Hajiya?

[Tambaya: Masu shayi da masu talla fa, ba su ne ke cushe hanya ba?]

Hajiya, tambayarki ta fi abin da ya rage a takardata. Suna cushewa, gaskiya ne. Amma Whyte ya ga cewa mai sayar da abinci shi ke jawo mutane, mutane kuma su jawo mutane. Mai shayi bai kafa teburinsa da ka ba, ya san inda ƙafa take bi, kuma fitilarsa ce ke sa ɗalibi ya iya wucewa ta lungun nan da dare. Don haka kafin a tashe shi, a tura ma'aikaci da littafi ya zauna mako guda, safe da yamma, har ranar Juma'a, ya rubuta ina ake tsallaka titi, ina ake tsayawa. Sannan a matsar da teburin baya kaɗan, a ba shi kwandon shara, a bar wa masu wucewa hanya.