Shiru Ba Yarda Ba Ne

Masu sauraro, akwai maganar da na gaji da ji. Duk sanda aka yi fim a kan 'yan mata masu tasowa da abin da samari ke yi musu, sai wani ya zabura ya ce ai koya wa yara lalata ake yi. Haba! Wanda ya nuna maka rami, shi ya haƙa shi?

Ku dubi Molly Manning Walker 'yar Birtaniya, mai ɗaukar hoton fim, wadda ta ba da umarni a dogon fim ɗinta na farko mai suna How to Have Sex, har ya lashe kyautar rukunin Un Certain Regard a bikin fina-finai na Cannes da ke Faransa a 2023. Labarin ƙawaye uku ne 'yan shekara 16 da suka gama jarrabawa suka tafi hutu garin Malia na ƙasar Girka. Akwai shaye-shaye, akwai rawar kai, kuma ban zo in wanke wannan rayuwa ba.

Abin da ya riƙe ni shi ne inda daraktar ta kafa kyamararta: a kan fuskar yarinyar da aka cuta. Babu ihu, babu wuƙa. Saurayi ya yi abin da ya ga dama, ita kuwa ta sandare, bakinta ya mutu. To, shirun nan yarda ce? Wallahi ba yarda ba ce! Ko dokar laifukan jima'i ta Ingila da Wales ta 2003 ta ce sai mutum ya amince bisa zaɓinsa, da 'yancinsa, cikin hayyacinsa. Wadda take barci ta zaɓi me? Wadda tsoro ya ɗaure wa harshe ta zaɓi me?

Ga kuma ƙawaye, kuma nan ne ya fi ci mini rai. Ƙawarta ce ke yi mata gorin cewa har yanzu ba ta san namiji ba, tana zuga ta. Da abin ya faru, aka hau yi mata murna. Yarinya tana murmushin yaƙe, cikinta yana ƙuna, an rasa mai tambayarta ko lafiya.

Ko fim ɗaya zai iya sauya halin samari, ina da shakka. Amma darakta sabuwar hannu ta jure ta bar shirun nan ya yi tsawo har ya dami mai kallo. Sai a filin jirgin sama, kan hanyar komawa gida, yarinyar ta iya buɗe baki ta gaya wa ƙawa ɗaya.