Bariki aka kafa a 1900, mutane ne suka yi garin

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. A makon jiya ɗan ƙanena ya kawo mini littafinsa da daddare, ya ce, "Baba, yi mini tambayoyi, gobe muna da jarrabawa." Na buɗe shafin tarihi. Layi biyu kacal aka rubuta a kan asalin garin nan: Bafaranshe Emile Gentil ya kafa Fort Lami ranar 29 ga Mayun 1900, aka mai da sunan Njamena, babban birnin Chadi, a 1973. Na juya shafi ko akwai ci gaba, sai na tarar an shiga darasin koguna. Kwana biyu bayan haka, a cikin motar haya, gardama ta kaure kan kuɗin rumfar kasuwa, wani saurayi ya dubi wani dattijo mai sayar da goro ya ce, "Ku Hausawa ai baƙi ne a nan." Layi biyun can da wannan magana uwarsu ɗaya, kuma har yanzu abin yana cina.

Ranar daidai ce, shekarar ma daidai ce. Amma me Gentil ya kafa? Bariki. Ranar 22 ga Afrilun 1900 rundunoni uku na Faransa suka auka wa Rabe a Kusiri, garin da ke ƙetaren ruwa a Kamaru ta yau, Raben da ya ci Barno a 1893 ya zauna a Dikwa. Ɗaya ta ƙetaro Sahara daga Aljeriya ta bi ta Agadas da Damagaram, ɗaya ta gangaro ta kogin Shari daga wajen Kwango, ta ukun kuwa ragowar rundunar hafsan Faransa Voulet ce, wadda ta ƙone Birnin Konni a 1899. A ranar Rabe ya faɗi, kwamandan Faransawa Lamy shi ma ya faɗi. Bayan mako biyar Gentil ya kafa sansani a wannan gaɓa, daura da inda Logon ke zuba cikin Shari, ya sa masa sunan mamacinsu.

Bariki ke nan fa. To wa ya kwaɓa ƙasar ginin? Wa ya yanko ciyawar jinka? Kifin da sojojin suka ci, wa ya kamo shi, kuma a kwale-kwalen wa suka yi fito? Gentil bai sauka a dajin Allah ba. Ƙabilar Kotoko suna bakin ruwan nan tun ƙarnoni kafin a haifi kakansa, da garuruwa masu ganuwa da sarakuna: Kusiri, Gulfe, Logon Birni. Ga Gawi nan kusa da mu, tafiyar da ba ta kai ta sa'a guda ba, inda har yau za ka ga manyan randunan mutanen Sao, mazauna ƙasar nan na dā, a tsohon gidan sarki, mata kuma suna nan suna ginin tukwane. Larabawan Shuwa suna nan da shanunsu da ƙauyukansu, sunan Njamena ɗin ma daga bakinsu ya fito, ana fassara shi da "mun huta". Yaro ya haddace Gentil, bai taɓa jin sunan Gawi a aji ba. Haba jama'a!

Waɗanda suka fara kafa bukkoki a gefen barikin kuwa, talakawa ne da yaƙi ya tarwatsa: sojojin Rabe da suka ajiye bindiga, bayin da aka kwance ba su san hanyar gida ba, 'yan dakon da aka koro da kaya a ka. Sai Barebari da mutanen Bagirmi, daga baya Sara daga kudu. Babu wanda ya rubuta sunayensu, amma su ne suka mai da gindin bariki unguwa.

Mu kuma hanyar gabas ce ta kawo mu. Fatake da mahajjata sun daɗe suna ratsa ƙasar nan, amma bayan Ingilishi sun ci Kano da Sakkwato a 1903, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, jama'a da yawa suka ɗaure kaya suka fuskanci alƙibla. Hanyar ta zama daga Kano zuwa Barno, a yi fito a Kusiri, a yada zango a Fort Lami, a wuce Abashe, a shiga Darfur har bakin Bahar Maliya. Tafiya ce ta shekaru, ba ta watanni ba. Guzuri yakan ƙare, sai mutum ya tsaya ya yi sana'a ya tara na gaba. Mahauci ya kafa tukuba, baduku ya baza fatu, malami ya hura wutar tsangaya, mai masauki ya buɗe zaure.

Kakana yana cikinsu. Wanzami ne, ya baro ƙasar Kano da niyyar Makka, ya ce zai yi damina ɗaya a nan ya ƙara guzuri. Daminar nan ita ce ta zama aure, ta zama 'ya'ya, ta zama kabari. Zabirarsa tana nan a ɗakin yayata, fatar ta yi baƙi ta bushe, da ƙaho biyu da aska wadda wasawa ta cinye ta har ta koma siririya kamar tsinke. Askar nan ta aske kawunan mutanen garin nan tun ba a san kwalta ba. Hausawa kan ce baƙo raɓa ne. Wace irin raɓa ce take kwana shekara ɗari?

Na san abin da wasu za su ce: da Bature bai kafa barikin ba, da ba wanda ya zo. Na yarda zaman gwamna a nan ya jawo jama'a. Amma ku dubi ƙetare. Kusiri ma ai Faransawa sun taɓa liƙa mata suna Fort Foureau, sunan ɗaya daga cikin jagororin rundunar da ta ƙetaro Sahara, kun taɓa jin mai hankali ya ce Foureau ne ya kafa Kusiri? Mahaɗar ruwa biyu da mashigin fatake Gentil ya tarar, shi ya sa ya zaɓi wurin. Bariki ya kafa. Gari kuwa mutane suka yi shi, da hannuwansu, da kasuwarsu, da maƙabartarsu.

In kuma ma'aunin baƙunta shi ne kakanka daga wani wuri ya zo, to saurayin motar nan ya koma gida ya tambayi tsohuwarsa. Ban da Kotoko da Shuwan da aka tarar, wane ne a Njamena kakansa bai zo da ƙunshin kaya ba? A yaƙin basasar 1980, lokacin da ba a yi gadar Ngeli da ake ƙetarewa zuwa Kusiri ba, kowa da kowa kwale-kwale ya shiga ya tsere Kusiri, harsashi bai tambayi ƙabila ba. Da ƙura ta lafa aka dawo tare, aka tarar da gidaje ba ƙofa ba rufi, aka sake kwaɓa ƙasa. Dattijon nan mai goro, a shekarunsa, da wuya in ba ya cikin masu kwaɓawar.

Shugaban ƙasa Tombalbaye ya sauke sunan Lamy a 1973, amma a littafin yaranmu har yau labarin da Bature yake farawa, da shi kuma yake ƙarewa. Masu tsara darussa su ƙara shafi, su sa Kotoko, su sa Shuwa, su sa mahajjatan ƙasa. Mu ma da namu laifin. Tsofaffin da suka ji labarin nan daga bakin iyayensu suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, kowa da waya a aljihu, ba mai zama ya naɗi muryarsu. Shugabannin unguwa da limamai, wannan aikinku ne, kuma ba ya bukatar kuɗin gwamnati.

Shi kuwa ɗan ƙanena, na ce masa ya rubuta Gentil a jarrabawa tunda shi za a tambaya. Ranar Lahadi in Allah ya kai mu zan kai shi Gawi, a kan hanyar dawowa mu biya wajen gwaggonsa ta kwance masa zabirar.