Ruwan da ke ɓoye cikin busasshen gishiri

Jama'a, assalamu alaikum. Ku dubi wannan shuɗin gishirin. Sunansa kofa salfet, kuma duk ɗalibin kimiyya ya san shi, daga sakandare har Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. In ka taɓa shi za ka ji shi a bushe ƙayau, amma wajen kashi 36 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne.

Ba jiƙewa ya yi ba. Tun lokacin da yake ƙulluwa ruwan ya shiga cikin ginin jikinsa, kowace ƙwayar gishiri da ƙwayoyin ruwa 5 cif. Ga shi mun ɗora a wuta. Kun ga ɗigon ruwa a bakin kwalbar? Shuɗin ya tafi, sai farin gari. Mu bari ya huce, mu ɗiga masa ruwa. Launin ya dawo, kwalbar ma ta ɗau ɗumi. Da wannan farin garin ake gwada ko akwai ruwa a cikin wani abu.

Alif ɗin da ake jefawa a randa don ruwa ya kwanta ma haka yake, shi ƙwayoyi 12 yake riƙewa. Gishirin miya kuwa ba ya da ko ɗaya.

Inda abin ya fi burge ni shi ne silin ɗin POP da ya cika sababbin gidaje a Zariya. Asalinsa dutse ne, jifsam, mai ƙwayoyin ruwa 2. A masana'anta ake gasa shi a zafin digiri 150 ko kusa da haka, kashi uku cikin huɗu na ruwan ya fita. Garin da ke cikin buhun nan ƙishirwa yake ji. Da magini ya kwaɓa shi, sai ya sake shanye abin da aka raba shi da shi, ya koma dutse cikin mintuna. Wato ba bushewa ce ke sa shi tauri ba, shan ruwa ne. Shi ya sa filastar da ake ɗaure karaya da ita a asibitin koyarwa na Shika, wadda ita ma da irin wannan garin ake yin ta, take ɗumi kafin ta kama.

Don haka malam mai gini, in damina ta sauka, kada ka bar bakin buhu a buɗe ko ka ajiye shi a ƙasa. Laimar iska kaɗai ta isa ta dunƙule maka shi, kuma wanda ya riga ya sha ba zai sake kamawa da kyau ba.