Jan ɗakin Landan da jan ɗakin Abuja

Assalamu alaikum mutanen Sakkwato, na Kanwuri da Mabera da Arkilla, barkanku da war haka. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, bakin kogi nake tsaye, sanyi na neman cire min kunnuwa. Wanga gini mai agogo da kuke gani bayana shi ne majalisar Ingila. Yanzun nan na fito, kuma wallahi mamaki bai sake ni ba.

Shiga kyauta ne, layi kawai za ka bi a caje ka. Shayi ne dai na sha na fam huɗu, ɗan kofi kamar na awon magani. Allah sarki mai shayin bakin tsohuwar kasuwa!

Ɗaki biyu gare su kamar mu, har launin kujeru ɗaya ne, kore na wakilai, ja na manya. Koren mutum 650 ne, zaɓensu aka yi. Amma jan? Babu wanda talaka ya dangwala wa yatsa! Naɗa su ake yi, har da limaman coci a ciki. Na ce wa abokin da ya kawo ni, malam, wa ya aike su yi wa jama'a doka? Ya yi dariya, ya ce ai ba su isa su kashe doka ba. Tun dokokin 1911 da 1949, iyakar ƙarfinsu su riƙe ta kamar shekara ɗaya, in ta kuɗi ce wata ɗaya. Su gyara su mayar, a sake turo musu, in wakilai sun kafe dole su haƙura. Sai na tuna labarin da kakana ke ba mu na Majalisar Sarakuna a Kaduna zamanin Sardauna, da Sarkin Musulmi Abubakar na zaune a ciki.

To mu launin kawai muka riƙe. Tun 1979, da ɗan gida Alhaji Shehu Shagari ya hau, tsarin Amurka muke bi. Sanata 109, wakilai 360, kowa da ƙuri'arsa ya zo, ba mai durƙusa wa wani. Doka ba ta zuwa teburin shugaban ƙasa sai ɗakunan biyu sun yarda da rubutu iri ɗaya, ba ragi ba ƙari. In sun saɓa, sai a tsamo 'yan kaɗan daga nan da can su zauna su daidaita. Nan fa ake ɗinkin, ba wurin da kuke ganin ana ihu a talabijin ba. Ku tuna dokar man fetur ta 2021, wadda ta kusa shekara 20 tana yawo. Wakilai suka ce a ba yankunan da ake haƙo man kashi 5, dattawa suka ce 3, kwamiti ya shiga ya fito da 3.

Ga kuma abin da ke min daɗi. A koren ɗaki mu Sakkwato kujera 11 gare mu, Kano 24, sun ninka mu har da ɗori. Amma a dattawa uku ne, mu uku, Kano uku, Legas da duk kuɗinta uku. Ministoci ma sai sun bi ta gabansu an tantance. Kanawa ku yi haƙuri, ba ni na rubuta ba.

Wani zai ce ɗaki biyu ɓarnar kuɗi ne. Senegal ma haka ta gani a 2012, ta rushe majalisar dattawanta. Ni dai ban ce a rushe ba, don in aka bar lissafin yawan kai kaɗai, ƙananan jihohi sai kallo.

Abin da nake ja muku kunne a kai, musamman ku ƙannena: ranar zaɓe kada ka dangwala na shugaban ƙasa da natsuwa, sannan takardar sanata da ta wakili ka yi musu dangwalen gayya. Ni na taɓa yi, sunan mutumin ma ban sani ba sai da ya shekara biyu a Abuja.

Kai, ruwa ya sauko, kuma lemar da na saya fam shida ta karye tun jiya. Ku gaishe min da Inna, bari in ruga tasha.