Amsoshin Tambayoyinku: Mene ne asalin "ko-ta-kwana"?

Jama'a, assalamu alaikum. Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wani manomin shinkafa a ƙaramar hukumar Auyo ta jihar Jigawa. Ya ce duk damina sai ya ji sanarwa cewa mazauna bakin kogi su zauna cikin shirin ko-ta-kwana. Yana son sanin ma'anarta, kuma shin daga Larabci aka aro ta?

To Malam, mun gode. Bala'i da ibtila'i su ne aro daga Larabci, amma wannan Hausa ce tsantsa, kalmomi uku aka haɗa: ko, ta, kwana. Wannan "ta" ɗin ita ce dai ta cikin "ta ɓaci" da "ta faru ta ƙare", wato lamarin da Bahaushe kan ambata ba tare da ya kama sunansa ba. A fahimtata, mai shirin cewa yake: ko ta zo yanzu, ko ta kwana sai gobe, a shirye za ta same ni. Yau kalmar ta zauna a bakin 'yan jarida; kun sha jin "dakarun ko-ta-kwana" na ECOWAS a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin Nijar.

A wajenku kuwa, "ta" ɗin nan ambaliya ce. Kogin Haɗeja na ɗebo ruwa daga madatsar Tiga da ta Challawa a jihar Kano. In marka ta yi ƙarfi a Agusta da Satumba, ga ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, sai ya fantsama gonaki da gidaje, kamar yadda aka gani a 2020 da 2022. Shirin ke nan: a gyara jinga tun bazara, a cika buhunan yashi, a kai hatsi da iri tudu, a san wanda zai ɗauki tsofaffi da ƙananan yara in ruwa ya shigo da dare.

Abin da ke damuna shi ne, sau da yawa sanarwar a nan take tsayawa. Ba a ce wa mutum ga makarantar da zai fake, ba a ce ga kwale-kwale ba. Saboda haka Malam, ku samu mai unguwa da dagaci, su tambayi hukumar agajin gaggawa ta jiha inda aka ware muku, tun kafin kogin ya cika.